Ranar da Na Yanke Kwaɗon Ɗakin Famfo

Kai Nura, ajiye wayar nan tukuna. Na ga hoton da kake nuna musu, na kuma ji abin da ka ce. Wai wannan ma aiki ne, mutum ya danna maɓalli, fanka ta yi ta aman dusar ƙanƙara shi yana shan shayi. To ni nan da kuke gani shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan danna maɓallin naka, shida daga ciki a wani ɗan dutse da ke can arewa, tafiyar awa biyu da rabi daga nan Harlem, inda Turawa ke zuwa zamiya lokacin sanyi. Ku gyara zama. Mai sauri ya tashi tun yanzu, ba na ba da labari rabi.

Ni asalina mai gyaran injin ban-ruwa ne a Kura. Na shigo ƙasar nan a tamanin da takwas, na kafa tebur a titin 125 ina sayar da agogo da tabarau kamar kowa. Sanyin farko da ya same ni a bakin titi, na ce wallahi ba zan ƙara yin wani a tsaye ba. Ina da aboki, Yohanna, mutumin Kagoro, yana tuƙa motar kai kayan abinci wuraren zamiyar nan. Shi ya zo min da labarin cewa wata tsohuwa mai ɗan dutse tana neman wanda ya san famfo. Na ce famfo kam ko daga barci aka tashe ni sai in kwance shi in mayar. Ban tambayi abin da ake shayarwa ba. Sai da muka isa na duba, ba tumatir ba albasa, ashe dutse ake yi wa ban-ruwa. Na gudo daga sanyin titi na faɗo gidan ubansa.

Da na aika gida cewa na samu aikin yin ƙanƙara, Inna ta sa aka rubuto min wasiƙa tana ta faɗa. Ita a saninta ƙanƙara ita ce wadda ake sayarwa cikin buhu da azumi. Ta ce wane irin rashin dabara ne mutum ya je ƙasar sanyi ya kama sayar da ƙanƙara, wa zai saya? Har ta koma ga Allah ban iya yi mata bayani ba, don harshenmu kalma ɗaya ya ba mu. Ta firji ƙanƙara ce, wadda ke faɗowa ta karya gero ƙanƙara ce, wannan mai laushin da muke yi ita ma ƙanƙara ce. Alhali duk rigimar sana'ar a tsakaninsu take. In ka yi mai laushi, a bushe kamar garin tuwo, ka yi aiki. In ka yi jiƙaƙƙiya ta kwana ta sandare, to karaya ka shirya wa 'ya'yan mutane.

Aikina na farko jan tiyo ne. Wanda ya koya min wani tsoho ne siriri, Walta, wanda in ya yi maka jimla uku a jere to ranar sallarka ce. Ya nuna min abin da suke kira bindiga. Ba bindiga ba ce. Ganga ce ta ƙarfe a kan taya uku, mutum zai iya shiga cikinta a tsugune. A bayanta fanka, a bakinta zobba na 'yan hantunan tagulla masu fesa ruwa. Akwai wasu ƙanana kuma da ke haɗa ruwa da iskar ɗan kwamfaresa, wato injin matsa iska, su ke fitar da ƙwayar ƙanƙarar farko, Walta yana ce musu iri. Fanka ta watsa duka sama, ɗigon ruwa ya haɗu da irin a cikin iska, ya daskare kafin ya sauko. Ku riƙe wannan, kafin ya sauko. In ya taɓa ƙasa yana ruwa ka yi ɓarna. Bindiga bakwai gare mu, kowacce da tiyonta da wayar wutarta mai kaurin wuyan hannu, kuma ba wadda take hawa dutsen da kanta.

A sati na biyu na bar wata tiyo da ruwa a ciki na sauko shan kofi. Kafin in koma ta miƙe ta sandare. Walta bai zage ni ba, ina ma ya zage ni. Ya ce in kai ta ɗakin gyara ta narke. Haka na jawo ta daga saman dutse har ƙasa tana miƙe kamar rake, ina faɗuwa ina tashi, masu shara suna min tafi. Daga ranar, ko butar alwalata ba na barin ruwa ya kwana a ciki.

Sauran aikin kuwa ba ya cikin hoton wayarka. Hanci ɗaya ya toshe, sai ka cire safar hannu ka bi shi da siririyar waya, yatsunka suna manne wa tagulla. Iska ta juya, bindiga ta koma tana binne kanta, ko ta lulluɓe kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa sama, sai ka wayi gari kana kankare kujera arba'in da guduma. Yawancin aikin da dare ake yi, kana zagayawa daga wannan zuwa waccan, ga ƙarar fanka ta cika maka kai har ka je gida kana yi wa matarka magana da ihu. Kuma a kowace bindiga sai ka shiga ƙarƙashin feshin ka miƙa hannun rigarka. In ƙwayoyin suka yi tsalle suka faɗi, ƙara ruwa. In suka manne, rage. Ba wani allo mai lambobi a lokacin, hannun rigarka ne injiniyanka.

Wata yamma na ga Walta ya fito da wani abu daga aljihu, ma'aunin sanyi biyu a jikin mariƙi ɗaya, ɗayan an sa masa 'yar safa. Ya jiƙa safar, ya kama juya abin a saman kansa. Na ja da baya, na ce a raina ashe Turawa ma suna taɓa tsafi. Da ya gama ya nuna min. Mai safar ya fi ɗan'uwansa sauka. Ya ce agogon sanyin da ke jikin bango rabin gaskiya yake faɗa. Ruwa yana daskarewa a talatin da biyu a lissafinsu, amma in iska ta bushe sosai tana sace ɗumin ɗigon ruwa, sai ka yi dusa ko da bango yana cewa talatin da huɗu. In kuwa iska ta jiƙe, ko talatin ne sai ka fesa kunu. Na ce masa ai wannan randa ce. Na ba shi labarin yadda ruwan randa ke yin sanyi ƙarara in gari ya bushe, da damina kuma ya yi ɗumi. Ya kalle ni, ya ce 'yan jami'ar da ke zuwa masa aikin hutu sai sun yi wata ba su gane ba. Kaina ya kumbura, kuma tun daga ranar bai sace ba.

Masu zuwa zamiya kuwa, Allah ya yi su iri-iri. Likitoci da lauyoyi daga cikin garin nan, kaya masu launi kamar aku. Ka kwana kana yi musu shimfiɗa, mutum ya faɗi saboda bai iya ba, ya tashi yana cewa ƙanƙarar yau ba ta da kyau. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne baƙin mutum da gemu ya yi fari fat yana fitowa daga cikin feshi. Wata mata ta tare ni ta ce don Allah akwai dusar ƙanƙara a Afirka? Na ce mata ai gadon gidanmu ne, kakana ne Sarkin Ƙanƙarar Kano, tun yana yi da hannu. Ta ɗauke ni hoto. Bayan sati biyu ta dawo da ƙawayenta uku su gaisa da jikan sarki, na karɓi gaisuwarsu yadda ya kamata.

Mai wurin, Madam muke ce mata. Mijinta ne ya kafa shi, ita tana riƙe da tikiti da kicin. Da ya mutu ta bar maganar dutse a hannun Walta, abin da ya ce shi ke nan. Mace ce mai tsauri amma ba ta da mugunta. Ita ta ba mu barandar katako a bayan ɗakin gyara muke salla. Sai dai in ta ce a'a, ko ubanta ya taso ba za ta sauya ba.

To sai ga shekarar da aka tashi masu tebur daga titin 125. Iyayenku sun sani, ku tambaye su. Mutane suka wayi gari ba wurin kasa kaya, ga sanyi yana tahowa. Ni kuma lokacin ina ji da kaina, ni ne na biyun Walta, Yohanna ma ya bar tuƙi ya dawo wurinmu. Na je na sami Madam na ce ina da mutum biyar, in ta ɗauke su ni na tsaya musu. Ta ɗauka. Na zo titin 116, inda mutanenmu ke taruwa, na kwashe su a mota ina ta cika baki cewa aiki har watan Maris, ba mai korar su. A cikinsu akwai Isufu ɗan Maraɗi, wanda ya ba da ɗakinsa na Bronx gaba ɗaya ya biyo ni da jaka biyu.

Sanyi ya ƙi zuwa. Nuwamba ta wuce muna yawo da riga ɗaya. Damina ma ba ta yi kirki ba a shekarar, tafkin da muke jan ruwa rabi ne. A farkon Disamba muka samu kwana uku muka yi ɗan shimfiɗa, a nan ne Walta ya zame ya karya ƙugu, ma'auninsa mai safa yana aljihu, shi ma ya tafi. Madam ta tara mu ta faɗa ba ɓoye-ɓoye. In ba a buɗe dutse a satin Kirsimeti ba, za ta rufe na bana, kowa ya kama gabansa.

Ranar Juma'a na sauko 116, bayan salla na tsaya wurin wani malami dattijo, shi ma daga Nijar. Na ce Malam a taimaka a roƙa mana ƙanƙara. Ya dube ni kamar na ce a roƙa mana fara. Ya ce shi ɗan manomi ne, bakinsa bai taɓa roƙon ƙanƙara ba kuma ba zai fara a Amurka ba, amma zai roƙa mana ruwan albarka. Na buɗe baki in gyara masa, ya riga ya ɗaga hannu, jama'a suna amin, ni ma na ce amin don kunya. Malam kuwa bakinsa da kaifi. Ranar Lahadi aka tashi da yayyafi mai ɗumi da hazo. Bai kai ya cika tafki ba, ya dai isa ya lashe ɗan abin da muka shimfiɗa ya gangara da shi kwatar titi. Yohanna ya ce in na sake zuwa neman addu'a in tafi da shi ya yi tafinta.

Ruwan da ya rage a tafki na harbi ɗaya ne. Kuma ba a ɗanɗanawa, don kafin ruwa ya kai bindigar farko sai ka cika bututun dutsen gaba ɗaya, in ka fasa kuma dole ka zubar kar ya daskare a ciki. Rediyo ya ce sanyi na gaske zai shigo ana jibi Kirsimeti. Madam ta ce shi za a jira. Ta sa kwaɗo a ɗakin famfo ta jefa makulli a jakarta, don ta san halina.

Saura kwana biyar Kirsimeti, da azahar, na fito baranda na yi alwala. Agogon bango yana kan talatin da biyar, rana tana haske. Amma da iska ta bugi damatsana sai na ji wani irin cizo da bai dace da lambar ba. Na goge fuska da hankici, na rataye shi a ƙusa na ta da salla. Da na sallame na kai hannu, hankici ya sandare kamar kilishi. Na tsaya ina kallonsa. Safar Walta ce wannan, ba wani abu ba. Iska ta bushe ƙayau, kuma irin wannan ba ta daɗewa.

Na cire shi a hankali na ruga ofishin Madam. Abin da ban lissafa ba shi ne hitar da ke ɗumama ofishin. Ta sa na jira ta gama waya, kafin ta juyo, shaidata ta narke. Na tsaya gabanta da jiƙaƙƙen tsumma yana ɗiga a kan takardunta, ina rantsuwa cewa yanzun nan a tsaye yake. Ta kalli tsumman, ta kalli agogon da ke jikin tagarta, ta ce talatin da biyar. Na ce a kira Walta. Ta ce jiya aka yi masa aiki, ko sunansa bai sani ba, asibitin ma za ta yanzu. Na kawo maganar randa, ta ɗauki jakarta.

Da motarta ta fita na zauna da Yohanna a ɗakin gyara. Na ce masa in na jira kuma rediyo ya sake yin ƙarya, mutum biyar ɗin nan sun tafi. In na buɗe kuma hankici ne ya yi ƙarya, sun tafi, kuma ni na kore su da hannuna. Ya tashi ya ɗauko zarton ƙarfe ya ajiye a kan benci kusa da ni.

"Ni dai zan je bayan gida," in ji shi. "Kuma cikina ya ɓaci, zan daɗe."

Minti huɗu kwaɗon ya ɗauka. Na ta da famfo, na ji bututu yana ɗaukar ruwa yana ƙugi har sama. Na raba mutane a kan bindigogi, na ce kowa ya buɗe zoben ciki kawai. Fankoki suka tashi. Na shiga ƙarƙashin ta farko na miƙa hannu, abin ya sauko ya manne min a riga, jiƙe sharkaf. Ta biyu ma haka. A nan ido ya raina fata. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Isufu yana tsaye a gefe yana kallon hannun rigata, da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na rage ruwa har ya koma kamar hayaƙi, na ɗaga bakin gangunan sama don ɗigon ya daɗe a iska. Muka jira. Can rana ta faɗa bayan dutse, inuwa ta rufe gangaren. Na sake miƙa hannu, sai na ga ƙwayoyi suna tsalle suna zubewa. Na ce Isufu ya miƙa nasa, don ni na daina yarda da idona. Nasa ma haka.

Madam ta dawo bayan la'asar. Tun daga titi ta hango farin hayaƙi bakwai a tsaye. Ta hawo dutsen da takalmin zuwa gari, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta shiga ƙarƙashin feshin ta miƙa hannun kwat ɗinta. Ashe ta san wannan, shekara talatin tana ganin mijinta yana yi. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce kar in tsaya, za mu yi magana in na gama.

Kwana biyu muka yi ba mu kashe fanka ba, har famfo ya fara jan laka. Katafila ta baje tudun da muka tara, hanya biyu suka rufu daga sama har ƙasa. Sanyin rediyo kuwa har yau muna jiransa. Gajimare ne ya zo a madadinsa, iska ta jiƙe, wuraren da ke kusa da mu da suka jira ba su buɗe ba. Mu muka buɗe ana gobe Kirsimeti, motoci har bakin titi.

Da safiyar nan ta kira ni ofis. Na shiga ina gyara hula, don na ɗauka yabo ne, har na shirya yadda zan ce ba komai. Kwaɗon yana kan teburinta, gida biyu.

"Ka yi daidai," in ji ta. "Mutanenka za su zauna, bana da baɗi. Kai kuma ka tattara kayanka. In na bar ka, gobe duk wanda ya ji a jikinsa ya fi ni sani zai ɗauki zarto, kuma ba kowa ne zai yi daidai ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ko ni ne a kujerarta abin da zan yi ke nan. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Walta ne daga baya ya samo min wani wurin yana kwance a gadon asibiti, amma a ranar ban san da wannan ba. Abin da na sani shi ne mutum biyar suna da aiki, ni ba ni da shi.

Na fito na ɗaure jakata na ba Yohanna ya sa a mota. Saura kwata a buɗe wa mutane, sun yi layi a ƙasa da allunan zamiyarsu. Sai na tuna shekara shida ina yi wa mutane wannan shimfiɗa, ban taɓa hawa kanta ba sai da ƙafa, ina jan kaya. Na ɗauki babban shebur ɗin kwasar dusa, na ce wa mai kula da kujeru ya kai ni sama in duba wani bawul na bututun ruwa. Bai san an kore ni ba. Zama a cikin shebur a gangaro laifi ne da Madam ke korar mutum a kansa nan take, to ni kuma me ya rage.

Na zauna a ciki, mariƙin yana tsakanin ƙafafuna, na ce bismillah na saki. Jama'a, ashe abin da suke biyan kuɗi dominsa ke nan. Ina jin shimfiɗar a ƙarƙashina tun daga sama, sumul, ba inda shebur ya yi ƙara a kan sandararren wuri ko sau ɗaya. Sai da na hango layin mutane na tuna ban tambayi kowa yadda ake tsayawa ba. Na karkata, shebur ya yi gabas na yi yamma, na yi ta birgima har gaban tagar tikiti, inda Madam take tsaye da hannu a ƙugu.

Na miƙe a gabanta fari fat tun daga hula har takalmi. Na kakkaɓe ƙirji, na kakkaɓe wando, komai ya zube ƙasa. Na shafa rigata na juya mata tafin hannuna ta gani. A bushe yake.